Shekarar da Aka Ajiye Yayana Kamar Buhun Masara

Duk lokacin da gardama ta kaure a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu a kan ko attajiri yana iya riƙe kulob, sai wani ya waiwayo ya ce, "Ku tambayi mai digiri, ai shi ya zauna kusa da Alhaji." Ni kuwa ba na son amsa irin wannan tambaya a tsaye cikin hayaniya, domin amsar tawa tana da rassa, kuma duk wanda ya ji rabinta zai tafi gida da kuskure. Shi ya sa na ga ya fi in zauna in rubuta abin da na gani da idona. Inda ji na yi a bakin wani, zan ce ji na yi. Inda na manta, zan ce na manta.

A shekarar da abin ya faru na gama karatu a jami'ar Zariya, reshen Kongo, ina zaune a gidanmu a Tudun Wada ina jiran a tura mu bautar ƙasa. Yayana, wanda nake bi, shi ne ɗan wasan gaba na kulob ɗin unguwarmu. Ba don ɗan'uwana ne nake faɗa ba, amma ban ga wanda ya kai shi iya tarar ƙwallo da ƙirji ba a wannan yanki. Na ce a wannan yanki, domin ban kewaya ƙasar duka ba. Babanmu kuwa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutum ne da ba ya maimaita magana, ba ya kuma janye ta. Wata rana bayan sallar la'asar ya kira Yaya zaure, ni ma ya ce in zauna in zama shaida.

"Gasar unguwanni ta bana ita ce ta ƙarshe," in ji Baba. "In wani kulob na gaske, mai biyan albashi, ya kira ka, to Allah ya sa albarka. In ba a kira ka ba, ka rataye takalman nan ka tafi shagon kawunka."

Shagon Kawu na kayan gini ne. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Amma da muka fito waje ya gaya mini cewa ya gwammace ya buga ƙwallon tsumma har ya yi furfura da ya wuni yana auna wa mutane ƙusa.

Kulob ɗin namu a lokacin ba shi da wani abin a zo a gani. Fili na wata makarantar firamare ne, rabinsa tudu rabinsa kwari, ragar kuwa akuya takan shiga ta gaba ta fita ta baya ba tare da ta rage sauri ba. Mai horar da 'yan wasan malami ne a makarantar, ɗan wani tsohon gidan Kirista na Zariya, kowa Ticha yake ce masa. Shi ne ya jagoranci 'yan wasa zuwa gidan Alhaji neman taimakon riguna, ni kuma aka tafi da ni domin a cewarsu na fi su iya tsara magana.

Alhaji babban ɗan kasuwar hatsi ne. Yakan sayi masara da kaka, lokacin da take zube a kasuwannin ƙauye ba mai ɗaga ido ya dube ta, ya cika sito, ya kulle, ya jira har damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa, sannan ya buɗe. Da wannan haƙuri ya gina duk abin da yake da shi. Ya saurari jawabina har ƙarshe, jawabin da na kwana biyu ina gyarawa, sannan ya ce:

"Ni ba na zuba taki a gonar wani. In kuna so in sa hannu, ku ba ni abin gaba ɗaya."

"Wane abin, Alhaji?" in ji Ticha.

"Kulob ɗin mana. Me ya mallaka?"

Muka dubi juna. Aka gaya masa akwai ƙwallaye, ɗaya da faci, akwai famfon hura iska wanda sai an taka shi da ƙafa yake aiki, akwai kuma usur ɗin Ticha, amma Ticha ya yi wuf ya ce usur nasa ne na kansa.

"Na saya," in ji Alhaji. "Ban da usur."

Aka shafa fatiha. Ticha ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.

Ya kamata in faɗi abin da ya biyo baya da kyau, domin masu gardama sukan tsallake shi. Alhaji bai yi wasa da kayansa ba. Kafin mako ya zagayo motocinsa sun zubo jar ƙasa an cike kwarin filin. An kawo sababbin raga, an kawo riguna masu kala ɗaya, abin da ba mu taɓa gani ba, an kawo takalma kowa daidai ƙafarsa. Wanda ya ji ciwo a kai shi asibiti, ba a tsaya shafa masa man zafi ba. In an ce atisaye bayan la'asar, to bayan la'asar ne, domin Alhaji da kansa yana nan zaune, kuma babu ɗan wasan da yake son ya iso bayansa. Ni kuwa ya ba ni matsayi tun ranar farko.

"Kai mai digiri, ka riƙa zama kusa da ni kana yi mini bayani. Ba na son a cuce ni a cikin kayana."

Haka na zama mai fassara masa dokokin ƙwallo. Na yi iya ƙoƙarina. Ranar da na yi masa bayanin satar gida, na zana masa a ƙasa da tsinke, na kawo duk sharuɗɗan ba tare da na bar ko ɗaya ba, sai ya dube ni ya ce, "Wato mutum ya yi sammako ya riga kowa isa kasuwa, sai a hura masa usur a ce ya yi laifi?" Na ce ba haka ba ne daidai, amma akwai kama. Ya ce wanda ya kafa wannan doka bai taɓa neman abinci ba.

Matsalar ta faro ne ranar da ya fara kallon Yaya da idon basira. Aka ɗago wata ƙwallo daga gefe, Yaya ya tare ta da ƙirji, ya juya, ya sheƙa ta cikin sabuwar raga kafin ta taɓa ƙasa. Alhaji ya gyara zama.

"Wancan ɗan gidan wa ne?"

"Yayana ne, ranka ya daɗe."

"Shi ne ya fi kowa a cikinsu?"

Na yi tunani, domin ba na son in zuzuta na gida. Na ce, "A iya abin da na gani, kuma in aka yi la'akari da cin ƙwallo kaɗai, e, shi ne."

"To a ajiye shi."

"A ajiye shi a ina, Alhaji?"

"A ajiye shi sai ranar kofi."

Na ɗauka raha ce, har na yi murmushin ladabi. Amma ranar wasanmu na farko a gasar, da muka iso fili, sai muka tarar an shimfiɗa katako a gefe, an ɗora farar kujerar roba a kai, an kafa laima. Alhaji ya nuna wa Yaya kujerar. Ya ce kaya mai daraja ba a ajiye shi a ƙasa, sanyi yana kama shi, ba a kuma barinsa a rana. Ticha ya zo da sauri yana riƙe da usur.

"Alhaji, wannan fa shi ne mai ci mana ƙwallo."

"Na sani, Ticha. Shi ya sa."

"To in bai shiga ba wa zai ci?"

"Sauran fa? Ba takalma iri ɗaya na saya musu ba? Kai Ticha, wa ka taɓa gani ya fitar da masararsa mai kyau da kaka, kowa na da ita? Yanzu wasan banza ake yi. In wani ɗan ƙauye ya karya mini ƙafarsa yau, ranar kofi da me zan fito?"

Abin haushin shi ne mun ci wasan. Wani ɗan baya ne ya sa kai ya ci, shi kansa bai san yadda aka yi ba. Alhaji ya yi wa Ticha wani irin kallo, wanda da magana ya yaɓa masa da ta fi masa sauƙi. Wasan da ya biyo baya muka yi kunnen doki, na gaba kuma muka sake ci da ƙyar. Dalilin, a nawa nazari, shi ne 'yan wasanmu ne kaɗai a gasar suke cin abinci su ƙoshi kuma suke zuwa fili a mota, sauran kuwa sai sun sha rana a kan acaɓa. Amma Alhaji ya ɗauki kowace nasara a matsayin shaida cewa dabararsa ce take aiki.

Ajiyar ba ta tsaya a kujera ba. Alhaji ya hana Yaya atisaye mai tsanani, ya kuma ba da umarni a riƙa kai masa abinci daga gidansa. Kullum da rana sai ga kwanuka sun iso gidanmu: tuwo da miya mai nama, ga fura, wata rana har da farfesu. Innarmu ta ce ita dai ba ta san ƙwallo ba, amma wannan Alhaji ya san darajar ɗan mutane. Baba kuwa in Yaya ya zo wucewa sai ya bi shi da kallo daga wuya zuwa ciki. Ban auna Yaya a sikeli ba, don haka ba zan faɗi abin da ya ƙaru ba. Abin da zan iya shaidawa shi ne rigar da aka ba shi a farkon gasa tana lilo a jikinsa, daga baya kuwa sai na taya shi jawo ta ƙasa.

Yaya ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya fara satar gudu bayan sallar asuba, yana bin hanyar Dutsen Abba. Bai daɗe yana yi ba Alhaji ya ci karo da shi a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar ƙauye. Wannan ji na yi a bakin Yaya, ba na wurin. Ya ce mota ta tsaya a gabansa, gilashi ya sauka, Alhaji ya leƙo ya ce, "Subhanallahi! Wa ya biyo ka?" Yaya ya ce ba kowa. Alhaji ya ce, "To zubar mini da kaya kake yi a titi?" Ya sa shi a mota, ya tsaya ya saya masa koko da ƙosai, ya jira ya cinye, sannan ya maido shi har ƙofar gida.

A ranar Yaya ya same ni a ɗaki, fuskarsa ba walwala.

"Kai ne kake zama kusa da shi. Ka yi masa magana. In gasar nan ta ƙare ban buga ba, wa zai gan ni balle ya kira ni? Kujera za su ɗauka?"

Na yini ina tunanin hanyar da zan bi. Na ga cewa in na je wa Alhaji da hujjar ƙwallo ba zai ji ba, sai dai in je masa da hujjar hatsi. Bayan atisaye na matsa kusa, na rage murya.

"Ranka ya daɗe, ina da 'yar magana, in an ba ni izini. Na ji ana cewa hatsi in ya daɗe a kulle, ƙwaro yakan shige shi."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta goce.

"Mai digiri, ni za ka koya wa ƙwaro? Tun ba a haife ka ba nake yaƙi da shi. Amma ka yi gaskiya, ka tuna mini. Kaya yana son shanya."

Na koma gida da murna na ce wa Yaya an dace. Ashe ban fahimci shanya ba. A wasa na gaba, ana tsakiyar bugawa, Alhaji ya ɗaga hannu, Yaya ya tashi daga kujera ya fara ɗan gudu a bakin layi yana miƙa ƙafafu. 'Yan kallo suka ɗauki sowa, masu tsaron bayan abokan karawarmu suka fara waige-waige, har mai horar da su ya canza mutum biyu domin shirin tare shi. Da Yaya ya yi gumi kaɗan, sai Alhaji ya sake ɗaga hannu.

"Ya isa. A mayar da shi inuwa."

Daga nan abin ya zama al'ada. Kowane wasa sai an yi shanya, yara har waƙa suka ƙirƙira mata. Labari kuma ya fara yawo. A wurin mai shayi aka ce ai wani kulob na waje ya riga ya kama Yaya, shi ya sa ba a son ya ji ciwo. A wurin masu keke aka ce bugunsa ya taɓa yaga raga, alƙalan wasa ne suka roƙa a riƙa tausaya wa masu tsaron gida. Duk inda na ji irin wannan sai in tsaya in gyara, in ce babu ko ɗaya da ya faru, amma gyaran nawa ƙara wa labarin ƙarfi yake yi, domin cewa suke yi, "Kun ji ko? Ɗan gidan ma ɓoyewa yake yi."

Haka muka lallaɓa har wasan kusa da na ƙarshe, mu da 'yan Dutsen Abba. Tun kafin ranar ni da Ticha muka yi wa Alhaji bayani cewa yanzu an shiga sili ɗaya ƙwale: wanda aka ci ya fita, babu gobe. Alhaji ya ce ya ji.

Ranar fili ya cika har kan katangar makaranta. Na hango Baba can gefe a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, a tsaye, hannu a baya, shi da bai taɓa zuwa kallon ƙwallo ba. Sannan Ticha ya zo ya raɗa mana cewa wani baƙo mai shuɗiyar hular hana-sallah da ke zaune a bencin gaba mai horar da wani kulob ne na wata jiha, kulob mai biyan albashi, kuma labarin Yaya ne ya kawo shi. Na dubi Yaya a kan kujerarsa. Shi ma baƙon yake kallo.

'Yan Dutsen Abba ba su zo da wasa ba. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sun zura mana biyu, mu ko ɗaya. Ticha ya zo ya durƙusa a gaban Alhaji, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Alhaji, don girman Allah. In muka faɗi yau babu ranar kofi. Yau ne kawai."

"Ticha, tashi, kana ɓata wandonka. Shekara nawa ina kasuwa? Duk dillalin da ya ce maka yau ne kawai, so yake ka saki kaya da arha. Kasuwa in ba ta yi kyau wannan mako ba, mako mai zuwa tana ci."

"Ranka ya daɗe," na ce, "a wannan karon maganar dillalin gaskiya ce. Doka ce a rubuce."

"Kai ma sun saye ka?"

Aka dawo daga hutu, Yaya na zaune. Ko shanya ba a yi ba. Lokaci yana ta tafiya, 'yan unguwarmu suka fara ihu suna kiran a sako shi, wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ce in ba za a yi amfani da yaron ba a ba ta shi ya riƙe mata faranti. Ana cikin haka sai baƙon nan ya taso ya zo ya gaida Alhaji cikin ladabi.

"Alhaji, wancan na kan kujera fa? Shi na zo gani."

Nan take fuskar Alhaji ta canza. Duk tsawon gasar ban taɓa ganinsa cikin natsuwa irin ta wannan lokaci ba. Ya kau da kai, ya ɗauko goro ya ɓare a hankali.

"Wancan? Ai ba na fitarwa ba ne. Ga wasu nan a fili, ka duba ko akwai wanda ya yi maka."

"Na gan su, Alhaji. Shi nake so in gani."

"Malam, mutane da yawa sun tambaya."

Na buɗe baki zan ce a iya sanina babu wanda ya tambaya, sai na ji ƙafar Alhaji a kan tawa, da nauyinta duka. Na rufe bakina.

Baƙon ya ce to shi ke nan, yana da mota da zai kama, ya juya ya kama hanyar ƙofa. Yaya ya miƙe tsaye daga kujera. Ni kaina shagon Kawu nake gani ƙuru-ƙuru. Alhaji kuwa yana ta taunar goro yana kallon bayan mutumin, ya bar shi ya yi nisa har ya kusa fita, sannan ya ɗaga murya.

"Malam! Dawo mana. Haba, daga magana? Ticha, buɗe masa bakin buhu ya gani."

Ban taɓa jin sowa irin ta wannan rana ba. Yaya ya shiga fili yana jan rigarsa ƙasa. Ƙwallon farko da aka ba shi ya bi ta da gudu, na ga kafaɗunsa suna hawa suna sauka, na ce a raina yau asirin furar Alhaji zai tonu. Amma ba a jima ba aka ɗago wata daga dama. Masu tsaron baya uku suka rufa a kansa, saboda tsoron da shanya ta dasa musu, suka yi karo da juna. Yaya ya tare ta da ƙirji, wanda yanzu ya ƙara faɗi, ƙwallon ta kwanta a kai kamar an ɗora ta a matashi. Ya juya ya buga. Mai tsaron gida bai ko motsa ba.

Fili ya ruɗe. Yara suka diro daga katanga. Ticha yana tsalle yana ihu cewa saura ɗaya, akwai lokaci, akwai lokaci. Na duba can gindin dalbejiya na ga Baba ya saki hannuwansa daga baya, ya kuma mayar da su da sauri.

"Ticha," in ji Alhaji. "An gani. A fito da shi."

Ticha ya tsaya cak.

"Alhaji, me kuka ce?"

"Na ce a ɗinke buhu. Mai saye ɗan tafin hannu ake zuba masa ya duba, ba a juye masa kaya a ƙasa."

Ba zan rubuta abin da 'yan kallo suka faɗa ba lokacin da suka ga Yaya yana fitowa, domin wasu kalmomin ba su dace da takarda ba, wasu kuma ban ji su sosai ba. Aka ci gaba da wasa ba shi, alƙali ya hura tashi, 'yan Dutsen Abba suka wuce, mu muka fita daga gasar.

A nan dole in faɗi wani abu da 'yan unguwarmu ba sa son ji. Lokacin da Yaya ya zauna a kan kujera, ni ne na miƙa masa ruwa, kuma na ga yadda yake haki. Ya kasa magana, sai da hannu ya yi mini alama. Daga baya shi da bakinsa ya gaya mini cewa da an bar shi ya ƙara gudu biyu, da a kwance za a fitar da shi a gaban baƙon. Ko Alhaji ya lura da haka, ko kuwa al'adar kasuwa kawai ya bi, wannan ban sani ba, kuma ban tambaye shi ba. Abin da na sani shi ne baƙon bai ga komai ba sai saman buhu.

Baƙon bai kama motarsa ba a ranar. Ya biyo mu har zauren Alhaji ya ce yana son Yaya ya zo gwaji cikin makon nan. Alhaji ya girgiza kai ya ce kaya ba ya tashi haka nan, sai an sheƙe an gyara, a ba shi wata guda. Suka yi ta ja, baƙon na ragewa Alhaji na ƙarawa, har suka daidaita a kan watan. Bayan baƙon ya fita, Alhaji ya dubi cikin Yaya ya ce, "Daga gobe a daina kai kwanuka. Kai kuma hanyar nan da na tsince ka, ka koma ka ci gaba da binta. In na gan ka ba zan tsaya ba."

Sannan ya juyo wurina.

"To mai digiri, yaushe ne ranar kofin?"

Na ce masa ranar tana nan, amma ba da mu ba. Ya ce, "Wato da gaske kuke?" Na ce da gaske muke. Ya ce, "Ikon Allah. Kasuwar da ke ci sau ɗaya a shekara, ai wannan ba kasuwa ba ce, Babbar Sallah ce."

A gida Baba ya sake kiranmu zaure. Yaya ya fara bayani cewa gwaji ne tukuna, ba a kai ga ɗauka ba. Baba ya dube ni.

"Kai ne shaida. Me na ce?"

"Kun ce in an kira shi, Baba. Ba ku ce in an ɗauke shi ba."

"To an kira shi?"

"An kira shi."

"Allah ya sa albarka," in ji Baba. Ya tashi ya shiga gida. Kawu ne kawai ya yi fushi, domin ya riga ya sayi sabon sikelin ƙusa.

Yaya ya yi watan nan yana gudu safe da yamma har rigarsa ta koma lilo. Ya je gwaji, aka ɗauke shi. Kulob ɗin ba babba ba ne, albashin ma wani lokaci sai ya makara, amma har yau da nake wannan rubutu ƙwallo yake bugawa, bai taɓa auna wa kowa ƙusa ba. Kofin kuwa yana Dutsen Abba, in ka bi ta wurin wani mai gyaran waya za ka gan shi a kan kanta an zuba biro a ciki.

Da na dawo hutu daga bautar ƙasa na leƙa filin. Ƙasar tana nan lafiya lau, an ma ƙara bencin 'yan kallo. Ticha ya samo wani sabon mai tsaron gida, dogo, mai hannuwa kamar faifai, duk ƙwallon da aka buga masa sai ya cafe. Alhaji yana zaune yana kallonsa, ya kira ni da hannu na zo na gaishe shi.

"Mai digiri, ka dawo a daidai. Wancan dogon, shi ne ya fi kowa yanzu?"

Na hango Ticha a bayan Alhaji yana girgiza mini kai, yana haɗa hannuwa alamar roƙo. Na so in taimake shi, Allah ya sani. Amma an yi mini tambaya, kuma na ga yaron da idona.

"A iya abin da na gani, ranka ya daɗe..."

"Ya isa," in ji Alhaji. Ya waiwaya wurin direbansa. "Je ka ɗauko kujerar nan da laima."